Ina da cikin wata biyar: zan iya tafiya hutu in kuma yi ninkaya?

Assalamu alaikum. Ina ɗauke da juna biyu na mako 20, maigidana kuma ya riga ya shirya mana hutun mako biyu a wani otal da ke bakin teku. Za mu tashi idan cikin ya kai mako 24, tafiyar kuma ta kusan awa shida ce a jirgin sama. Na iya ninkaya tun ina ƙarama, kuma a 'yan kwanakin nan da bayana ke ciwo babu abin da nake marmari kamar shiga ruwa. Sai dai bara na yi ɓarin cikin mako 9, kwana uku bayan na yi ninkaya, har yau kuma zuciyata ba ta daina zargina ba. Mahaifiyata ta ce ruwa yana shiga mahaifa ya cutar da ɗa, jirgi kuma yana tayar da naƙuda, don haka in zauna a gida. Maigidana kuwa yana ganin tsoro ne kawai. Ba na son saɓa wa mahaifiyata, ba na kuma son jefa abin da ke cikina a haɗari. Me ya kamata in yi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ki ladan haƙurin rashin da kika yi bara, wannan kuma Allah ya raba lafiya. Zan fara da zargin da kike yi wa kanki, domin na lura shi ne ya fi danne ki, kuma muddin ba a sauke shi ba, duk bayanin da zan yi kan jirgi da teku ba zai zauna miki ba. Ɓari a watanni uku na farko abu ne mai yawan faruwa, domin a cikin kowane ciki goma da aka tabbatar, ɗaya zuwa biyu sukan zube, mafi yawansu kafin mako 13. Kusan rabin waɗannan kuwa sanadinsu tangarɗa ce a ƙwayoyin halittar ɗan tayin tun daga ranar da cikin ya shiga, abin da babu hannun uwa a ciki, ko ta wuni a kwance ko ta wuni tana aiki. Sau da yawa ma ɗan tayin yakan daina girma kwanaki ko makonni kafin jini ya ɓalle, wato mai yiwuwa ne al'amarin ya riga ya auku tun kafin ki sa ƙafa a ruwan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, saboda haka ban ga laifinki ba don kin tsorata. Amma motsa jiki daidai misali, har da ninkaya, ba ya cikin abubuwan da likitoci suka san suna jawo ɓari, kuma ɓari guda ɗaya a farkon ciki ba ya hana yawancin mata su kai cikin da ya biyo baya lafiya.

Maganar cewa ruwa yana shiga mahaifa kuwa, halittar jikin mace ta riga ta amsa ta. Tun a makonnin farko bakin mahaifa yake rufewa, wata majina mai kauri kuma ta toshe shi, sannan ɗan yana kwance ne cikin faya, wadda take a rufe ruf da nata ruwan. Ruwan wurin ninkaya ko na teku ba shi da hanyar ratsa waɗannan shingaye. Inda maganar mahaifiyarki take zama gaskiya shi ne lokacin da shingen ya buɗe: idan faya ta fashe, ko kina ganin jini, ko wani ruwa yana ɗiga da ba ki gane kansa ba, to, ƙwayoyin cuta suna iya samun hanya, kuma daga wannan lokacin babu ke babu ninkaya har sai likita ya duba ki.

Ga mai cikin da ba shi da matsala, ninkaya tana cikin mafi dacewar motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagororin da ta fitar a 2020, ta shawarci masu juna biyu da su samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, ninkaya kuma ta fi saura sauƙi saboda ruwa yana ɗauke nauyin jiki, sai ƙashin baya da ƙugu da gwiwoyi su huta daga kayan da suke ɗauke da shi dare da rana. Marmarin da kike yi, ke nan, jikinki ne ya san abin da yake so. Bayan haka, matsin da ruwa yake yi wa ƙafafu yana mayar da ruwan da ya taru a cikinsu zuwa jijiyoyin jini, shi ya sa mata da yawa suke ganin kumburin ƙafa ya saɓe bayan sun fito. Ma'aunin da za ki riƙe mai sauƙi ne: idan kina iya magana cikakkiya da kin tsaya a gefe, ba tare da haki ya datse miki numfashi ba, kina kan daidai. Tun da kin daɗe ba ki shiga ruwa ba, ki fara da minti goma sha biyar, ki riƙa ƙarawa a hankali zuwa rabin awa, kada ki nemi kamo gwanintar da kike da ita kafin ciki.

Duk wannan yana rataye ne da sharaɗi ɗaya, wato cikin ya kasance lafiyayye, kuma mai tabbatar da haka shi ne likita ko ungozomar da ke yi miki awo. Akwai yanayin da ake hana mai ciki motsa jiki mai ƙarfi da doguwar tafiya baki ɗaya: mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, ko bakin mahaifar ya yi rauni har an ɗinke shi, ko jini yana zuwa yana ɗaukewa, ko hawan jini irin na masu ciki wanda ke kai wa ga jijjiga, ko ƙarancin jini mai tsanani, ko ciwon zuciya ko na huhu, ko alamar naƙuda kafin lokaci. Mai sikila da mai ɗauke da tagwaye su ma suna bukatar shawara ta musamman. Kin yi sa'a, domin a mako 20 da kike ciki ne ake yin hoton ciki mai nuna inda mabiyiya take zaune da yadda ɗan yake girma. Idan ba a yi miki ba tukuna, ki nemi a yi, sannan ki koma awo kwanaki kaɗan kafin tafiyar a auna jininki da hawan jini da fitsari. Ki faɗa wa likitan sunan ƙasar da za ku, da tsawon tafiyar, da ranar dawowa, domin amsarsa ta dogara ne da waɗannan.

A otal ɗin, abin da na fi so ki kiyaye shi ne ruwan zafi. Irin waɗannan wurare sukan yi alfahari da kwamin ruwan zafi mai ɓulɓula da ɗakin gumi, suna tallata su a matsayin maganin gajiya, mai ciwon baya kuma tana iya ruɗuwa ta shiga. Kada ki shiga. Zafin ruwan waɗannan kwamaye yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma cikinsa jiki ba ya iya fitar da zafi ta hanyar gumi, sai zafin cikin jikin ya yi ta hawa. Likitoci ba sa son zafin jikin mai ciki ya haura digiri 39. A makonni shida na farko, lokacin da laka da ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke haɗuwa, irin wannan zafi yana da alaƙa da nakasar ƙashin baya. Ke kin wuce wannan mataki, amma akwai wani haɗarin da ya rage: zafi yana buɗe jijiyoyin jini, hawan jini ya faɗi, jiri ya kwashe mace har ta suma, suma a cikin ruwa kuwa ba sai na yi miki bayanin ƙarshenta ba. Ruwan da za ki yi ninkaya a ciki kada ɗuminsa ya wuce digiri 32, yawancin wuraren ninkaya na yau da kullum kuma ba su kai haka ba.

Sinadarin kilorin da ake zubawa a ruwan don kashe ƙwayoyin cuta ba abin damuwa ba ne a gwargwadon da aka saba, hasali ma rashinsa ne abin tsoro. Ki dubi ruwan kafin ki shiga: idan ba kya hango ƙasansa tar, ko bangonsa yana yauƙi, ki haƙura da shi. Ki kuma guji haɗiyar ruwan, domin akwai ƙwayar cutar gudawa da ke iya rayuwa fiye da mako guda a ruwa mai kilorin. Da kin fito ki yi wanka, ki cire jiƙaƙƙun kayan, saboda mai ciki ta fi saurin kamuwa da ƙaiƙayin gaba idan danshi ya daɗe a jikinta. Sai dai idan aka tambaye ni inda mai ciki ta fi samun rauni a wurin ninkaya, zan ce a bakin ruwan ne, kan daɓen nan mai santsi. Ciki ya sauya miki daidaiton jiki, gaɓoɓi sun saki, kuma nan da makonni kaɗan ba za ki riƙa ganin inda kike taka ƙafa ba. Ki sa takalmi mai kama ƙasa, ki shiga ta matakala kina riƙe da ƙarfe, kada ki yi tsalle ko alkafura ki faɗa ruwa. Wajen fitowa ma ki yi sannu a hankali, ki ɗan zauna a gefe, domin da zarar matsin ruwa ya bar jiki jini yakan koma ƙafafu, jiri ya biyo baya. Idan kuma salon ninkayar da ake buɗe ƙafafu kamar kwaɗo yana sa miki ciwo a mara ko kwankwaso, ki bar shi ki riƙa kaɗa ƙafafun a miƙe.

Teku kuwa wani abu ne dabam, kuma iya ninkayarki kada ta sa ki raina shi, domin gwani ma ruwa yana cin sa. Igiyar ruwa mai ƙarfi tana iya bugun ciki ko ta kayar da mace a inda ruwan bai wuce gwiwa ba. Akwai kuma wani jan ruwa mai kwarara daga gaɓa zuwa tsakiyar teku, wanda sau da yawa samansa yakan yi luf kamar babu komai, kuma shi ne yake halaka mutane da yawa a bakin teku. Wanda ya faɗa cikinsa kada ya yi kokawa da shi yana neman komawa gaɓa kai tsaye, domin gajiya ce za ta ci shi. Ya kwanta a kan ruwan, ya ɗaga hannu ya nemi agaji, ko ya yi iyo a gefe, daura da gaɓa, har ya fita daga jan. Ki shiga teku ne kawai a inda akwai masu ceto, tsakanin tutocin da suka kafa, ranar da ruwan yake kwance, idan kuma aka ɗaga jar tuta ki tsaya a kan yashi. Kada ki shiga ke kaɗai ko da sau ɗaya, saboda ɗaurewar jijiyar ƙafa ta fi yawa ga masu ciki kuma ba ta sallama. Nutso da tukunyar iska zuwa ƙarƙashin teku haramtacce ne ga mai ciki a kowane wata, domin kumfar iskar da ke taruwa a jini lokacin tasowa huhun uwa yana iya tace ta, amma ɗan da ke ciki ba shi da wannan kariya. Haka nan babur ɗin ruwa, da sulun ruwa, da ƙaramin jirgin gudu mai dukan igiya, duk ki bar su sai bayan haihuwa. Idan kuma aka shirya muku yawon zuwa wani tafki ko kogi a ƙasa mai zafi, ki yi kallo daga gaɓa, domin tsutsar tsargiya tana ratsa fatar mutum cikin 'yan mintuna a ruwan daɗi, ba ta kuma rayuwa a ruwan gishiri ko mai kilorin.

Rana da ƙishirwa ma suna da nasu rabon. Mai ninkaya tana gumi ba tare da ta sani ba, ƙarancin ruwa a jiki kuma yana iya sa mara ta riƙa ɗaurewa, don haka ki ajiye gorar ruwa a gefe kina kurɓa. Ki nemi inuwa daga hantsi zuwa la'asar, ki shafa man kare fata, domin ciki yana sa fuska saurin yin baƙin tabo a rana. Idan za ki kishingiɗa, ki kwanta ta gefe, saboda doguwar rigingine a wannan wata tana sa mahaifa ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya.

Mu koma kan jirgi. Lokacin da kuka zaɓa yana cikin mafi kyau, domin tsakanin mako 14 da mako 28 laulayi ya lafa, haɗarin ɓari ya ragu ƙwarai, nauyi kuma bai kai ga hana sakewa ba. Jirgin sama ba ya tayar da naƙuda, ba ya kuma fasa faya. Iskar cikinsa daidai take da ta kan tudu mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, lafiyayyar mai ciki da ɗanta kuma suna jure wannan ba tare da wahala ba, sai dai mai ƙarancin jini mai tsanani ko sikila. Na'urorin bincike na filin jirgi su ma ba sa cutar da ciki. Dalilin da ya sa kamfanoni suke hana masu tsohon ciki shiga jirgi shi ne gudun kada haihuwa ta zo da kanta a sararin sama, inda babu ungozoma babu kayan aiki. Yawancinsu suna ɗaukar mai ɗa guda har zuwa mako 36, mai tagwaye zuwa mako 32, bayan mako 28 kuma sukan nemi takardar likita. Ke za ki dawo a mako 26, amma duk da haka ki karanta ƙa'idar kamfanin da kuka yanki tikiti, ki kuma riƙe takarda mai nuna ranar da ake sa ran haihuwa, domin ma'aikacin da ke bakin ƙofa da ido yake auna ciki.

Haɗarin gaske a jirgin shi ne dogon zama. Ciki yana sa jini saurin daskarewa, shiri ne da jiki yake yi don kada a zubar da jini da yawa wajen haihuwa, sannan mahaifa tana danne jijiyoyin da ke kwaso jini daga ƙafafu. Waɗannan biyun sun sa mai ciki ta ninka wadda ba ta da ciki sau huɗu zuwa biyar wajen samun gudan jini a jijiyar ƙafa, duk tafiyar da ta wuce awa huɗu kuma tana ƙara haɗarin, taku kuwa shida ce. Abin tsoron shi ne gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Ki nemi kujerar gefen hanya don ki riƙa tashi kina takawa duk bayan rabin awa ko awa ɗaya idan an ba da dama, a zaune kuma ki riƙa juya idon sawu kina ɗaga dunduniya. Ki sha ruwa sosai ko da zai sa ki yawan zuwa banɗaki, zuwan ma motsi ne. Ki sa safar asibiti mai matse ƙafa, wadda aka auna daidai da ke, tun kafin ki bar gida. Idan kin taɓa samun gudan jini, ko akwai shi a danginku, ko kina da ƙiba sosai, ki faɗa wa likita, domin yana iya rubuta miki allurar tsinka jini. Kada ki sayi asfirin da kanki don wannan dalili. Bayan saukar ma ki ci gaba da lura har tsawon makonni: ƙafa ɗaya, galibi ta hagu, ta kumbura tana zafi da ciwo a sha-raɓa, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko ƙirji ya soke, duk waɗannan na gaggawa ne.

A jirgi da mota duka ki ɗaura bel. Na ƙasa ya bi ta ƙarƙashin cikin, ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, na kafaɗa kuma ya ratsa tsakanin nonuwa ya sauka ta gefen cikin, kada ko ɗaya ya hau kan cikin. Idan tafiyar mota ta yi tsawo, a tsaya aƙalla duk awa biyu ki taka. Idan kuwa aka yi karo, ko kika faɗi, ki je asibiti ko da ba kya jin ciwo, domin mabiyiya tana iya ɓamɓarewa ba tare da jini ya fito waje nan take ba. Mai rukunin jini nagetib tana bukatar allurar anti-D, wadda ke hana jikinta yaƙar jinin ɗan, cikin awa 72 bayan irin wannan, don haka ki san rukunin jininki kafin ki tafi.

Ba ki faɗa mini ƙasar da za ku ba, alhali wannan ne zai iya rushe tafiyar gaba ɗaya, saboda sauro. Ciki yana rage wa mace ƙarfin yaƙi da zazzabin cizon sauro, kuma idan ya kama ta yana jawo ƙarancin jini, da haihuwa kafin lokaci, da ƙanƙantar jariri, har da mutuwar ɗa a ciki. Magungunan rigakafin da ake ba matafiya ba duka suka dace da mai ciki ba, doksisaikilin da firimakwin, alal misali, ba a ba ta su, saboda haka likita ne zai zaɓa. Sai cutar Zika, wadda ta ɓarke a Barazil a 2015, aka ga jarirai suna zuwa da ƙaramin kai da ƙwaƙwalwar da ba ta cika ba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta a Fabrairun 2016. Sauron da ke yaɗa ta da rana yake cizo, ba ta da allurar rigakafi, kuma yawancin waɗanda ta kama ba sa jin komai. Tana kuma bi ta hanyar saduwa, shi ya sa ake shawartar mijin da ya je inda take ya yi amfani da kwaroron roba har matarsa ta haihu. Idan ana fama da ɓarkewar Zika a inda za ku, shawarata ita ce ku sauya wuri ko ku ɗage tafiyar, asarar kuɗin tikiti ba ta kai wannan ba. Idan kuwa sauro ne na yau da kullum, ki kwana a gidan sauro mai magani ko ɗaki mai raga, ki sa tufafi masu rufe hannu da ƙafa, ki shafa maganin korar sauro mai sinadarin DEET, wanda aka amince wa masu ciki da shi.

Game da alluran rigakafi, na mura da na sarƙewar haƙora ba su da matsala, amma masu ɗauke da rayayyar ƙwayar cuta da aka raunana, kamar ta ƙyanda, ba a yi wa mai ciki. Ta zazzabin shawara ma ana kauce mata sai idan haɗarin kamuwa ya yi yawa, kuma idan ƙasar tana neman shaidarta a bakin iyaka, likita yana iya ba da takardar uzuri. Wajen ci da sha, ki tsaya kan ruwan kwalba da ba a buɗe ba ko wanda aka tafasa, da abincin da aka dafa ya nuna aka kawo da zafinsa, ki guji ƙanƙara da ɗanyen nama ko kifi da madarar da ba a dafa ba. Dalilin wannan tsanani ya wuce gudun gudawa: ciwon hanta nau'in E, wanda gurɓataccen ruwa ke yaɗawa, yana da sauƙi ga yawancin mutane, amma yana iya kashe mace ɗaya cikin huɗu ko biyar idan ya kama ta a watanni uku na ƙarshe. Ki tafi da ƙullin gishiri da sukari na gudawa, da farasitamol, da magungunan awonki. Kada ki sha ibufurofen da danginsa bayan mako 20 ba da izinin likita ba, domin suna iya taɓa ƙodar ɗan su rage ruwan faya.

Akwai tambayar da nake so maigidanki ya amsa kafin ku tashi, kuma a ganina ta fi duk abin da ya gabata nauyi: idan wani abu ya taso da tsakar dare, wane asibiti za ku nufa, kuma minti nawa ne tsakaninsa da otal ɗin? Makonnin da za ki yi a can, 24 zuwa 26, su ne daidai gaɓar da jariri yake fara iya rayuwa a wajen ciki, amma sai a asibiti mai sashen kula da bakwaini na musamman, mai kwalba da na'urar numfashi, domin huhunsa bai nuna ba. Yiwuwar naƙuda ta zo miki a lokacin kaɗan ce, amma idan ta zo, tazarar da ke tsakaninku da irin wannan asibiti ita ce komai. Otal da ke cikin babban birni dabam, wanda ke kan tsibirin da sai an hau kwalekwale dabam. Saboda wannan dalilin ne ma yawancin manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa ba sa ɗaukar wadda cikinta zai kai mako 24. Ya binciko sunan asibitin da lambar gaggawa ta ƙasar, ya rubuta su a takarda. Sannan ya karanta inshorar tafiyar da kyau, domin da yawa ba su haɗa da matsalar ciki ba, wasu kuma suna biya wa uwa su bar jariri, alhali bakwainin wannan wata yakan zauna a asibiti har kusan ranar da aka sa ran haihuwarsa, wato wata uku a ƙasar da ba taku ba. Ki riƙe katin awonki da sakamakon hoton ciki a jakar hannu, kada su shiga cikin kayan da za a auna. Ki kuma sanar da shi alamomin da ba a jiran wayewar gari a kansu: jini, zubar ruwa, ciwon mara mai zuwa yana dawowa, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, kumburin fuska da hannaye, zazzaɓi, ko raguwar motsin ɗa.

Ra'ayina, idan likita ya duba ki ya ce lafiya, ƙasar ba ta fama da Zika, asibiti mai sashen bakwaini yana kusa, inshora kuma ta rufe ki da jaririn, ki tafi, ki yi ninkayarki a wurin ninkayar otal kullum idan kina so, teku kuwa ki tsaya inda ƙafarki ke taɓa ƙasa. Idan ɗaya daga cikin huɗun nan ya gaza, ku nemi wani wuri mafi kusa. Maigidanki kuma ya daina kiran abin tsoro kawai, domin matar da ta yi ɓari bara tana da hujjar fargaba, kuma idan har kika ga za ki kwashe mako biyun kina lissafin kowane motsi na mara, kina da damar cewa a ɗage. Mahaifiyarki kuwa kada ki tunkare ta da gardama, ita ma jikanta take karewa, kuma ta ga halin da kika shiga bara. Ki roƙe ta ta raka ki awo na gaba, ta yi wa likita tambayoyinta da bakinta, ta ji amsa da kunnenta, sannan ki ba ta sunan asibitin da kuka tanada, ki yi mata alkawarin kira kullum. Bayan kun dawo, ki je awo a makon farko, idan kuma zazzaɓi ya taso miki, ko da bayan wata guda ne, ki je asibiti a ranar, ki fara da faɗa musu ƙasar da kika je da ranar da kika dawo.